Ciyawar filin golf da ragona: a ba shi ko a bari?

TAMBAYA: Salam Malam. Ƙanina ne ya samu aikin leburanci a wani filin wasan golf, su ne masu yankan ciyawa da ban ruwa, wani lokaci kuma a goya masa famfon feshi. In ya dawo rigarsa sai warin magani, ga ciwon kai, kuma yana cika mana buhu da ciyawar da suka yanka muna ba ragon layya, wallahi ciyawar kore shar kamar kafet. Akwai matsala?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan koren da ya burge ka ba ruwa kaɗai ya kawo shi ba, musamman kusa da ramin da ƙwallo ke faɗawa inda ake aske ciyawar ƙasa-ƙasa, ta zama mai saurin kamuwa da cuta, sai a yi ta bin ta da maganin ƙwari da na ciyawa da na ruɓa. Ragon nan dai a nema masa harawa da dusa. A Amurka tun 1988 aka hana fesa maganin ƙwarin nan diazinon a filayen golf, saboda agwagin daji da suka sauka suka yi kiwo aka riƙa kwashe su matattu.

Amma ni ƙanin naka ya fi damuna. Alhajin da ya zo ya buga ƙwallonsa ya shiga mota ya tafi, mai goyon famfo shi ke haɗa maganin da hannunsa, famfon na yoyo a gadon bayansa, ga zufa ga rana. A 2015 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa glyphosate, wani maganin kashe ciyawa, cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar kansa, duk da wasu hukumomin ba su yarda ba, a 2018 kuma kotu a Kalifoniya ta ba Dewayne Johnson, wani mai feshin filayen makaranta da ya kamu da cutar kansa, gaskiya a ƙarar da ya kai kamfanin da ke yin maganin.

Ya nemi safar hannu ta roba da takalmin ruwa da takunkumi, haƙƙinsa ne ba alfarma ba. Kar ya ci goro ko ya sha sigari yana feshi, ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yara, kayan aikin a wanke su daban, jarkar maganin kuma kar ta shigo gida da sunan ɗiban ruwa. In ya fara amai, yawu na dalala, ido na dishi-dishi, ku bar zancen manja da madara, ku ɗauki hoton takardar jikin kwalbar ku wuce asibiti da shi.