Tambaya Da Amsa: Zuwa Gonar Inabi Da Kare

Assalamu alaikum. Ina da kare irin na 'yan sanda, nauyinsa kilo 30. Muna so ni da iyali mu leƙa gonakin inabi na Kudan idan an fara tsinka, kuma babu wanda zan bar wa karen a gida. Me ya kamata in tanada? (Mai karatu daga Barnawa)

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a je ga tanadi, ka san cewa shi inabin kansa guba ne ga kare. Ɗanye ko busasshe, mai ƙwallo ko marar ƙwallo, baƙi ko kore, duk yana iya kashe masa ƙoda cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ya sa mutane ba sa yarda shi ne, wani karen zai cinye nonon inabi guda ya tashi garau, wani kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan su kwantar da shi. A 2021 likitocin cibiyar guba ta ASPCA, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Amurka, suka nuna yatsa ga sinadarin tsami da ake kira tatarik asid, wanda yawansa yake bambanta gwargwadon irin inabin da ƙasar da aka shuka shi da kuma nunarsa. Shi ya sa babu likitan da zai ce maka ƙwaya kaza ba komai. Wannan sinadarin yana da yawa a tsamiya, don haka ragowar kunun tsamiya ma a daina zuba wa kare.

Ana tsinkar inabin Kudan da Hunkuyi ne da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma lokacin ne ƙarƙashin rumfunan yake cike da 'ya'yan da suka faɗo. Wasu tsuntsu ya fasa, wasu an taka, wasu sun yi kwanaki a rana sun koma zabibi. Waɗannan busassun sun fi muni, domin ruwan ya tafi ya bar sinadarin a dunƙule. Kai idonka yana sama kana kallon nonon da ke reto, shi hancinsa yana ƙasa, kafin ka waiga ya haɗiye biyar.

Saboda haka abu biyu ba a tafiya sai da su: gajeriyar igiya da ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba, da takunkumi. Takunkumin ya zama irin mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa a ciki. Na yadi mai ɗaure baki gam ba na yawo ba ne, domin kare da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ka fara saba masa da shi mako guda kafin tafiya, minti biyar sau biyu a rana, kana saka ɗan nama a ciki. Igiyar kuma ta kasance a hannun babba.

Ka nemi izinin mai gona tun kana Kaduna, ka kuma tambaye shi yaushe ya yi feshi na ƙarshe, kuma ko ya ajiye maganin ɓera. Inabi amfani ne mai shan feshi saboda cutar fumfuna, idan ganye bai bushe ba kada kare ya shiga. Sannan gona wurin sana'ar mutane ce, a nan suke alwala su yi salla. Ka tafi da kwanonsa da ruwansa, kada ya kusanci buta ko tabarma ko kwandunan da aka jera za a kai kasuwa, kashinsa kuma ka kwashe a leda.

Batun hanya: Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, Kudan tana gaba ta arewa. Kada ka ba shi abinci awa uku kafin tashi saboda amai. Kare yana shan wajen mililita 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, naka ke nan lita biyu ba kaɗan, to ka ɗauki lita huɗu. Ya zauna a kujerar baya ko cikin keji, ba a but ba, ba kuma a ɗaure a bayan a-kori-kura ba. Sanyin asuba na hunturu kada ya ruɗe ka, da azahar motar da aka rufe tana iya ƙara digiri 10 cikin minti goma. Da kun dawo mota ka buɗa tsakanin yatsunsa ka cire ƙarangiya da tsidau, ka duba kunne da wuya saboda kaska.

A ganinmu dai, idan za ka samu maƙwabci ya zuba masa abinci na wuni ɗaya, barinsa a gida ya fi duk wannan sauƙi.

Wani ɗan'uwa ya kawo mana tsarabar inabi, yara suka yi ta jefa wa kwikwiyonmu yana cafewa. Sun ce bai fi shida ba. Na ji an ce a ɗura masa manja ko ruwan gishiri. Haka ne? (Mai karatu daga Unguwar Rimi)

A'a, Hajiya. Ruwan gishiri guba ce ta biyu a kan ta farko, yana iya jawo farfaɗiya. Manja kuma ba ya kashe komai, idan ya sarƙe ya gangara huhu sai a koma jinyar huhu. Madara ma ba ta magani. Farasitamol da ibufurofen kuwa kada ma a soma, na biyun ƙodar da ake son ceto yake ci.

A kai shi wurin likitan dabbobi yanzu, ko da yana wasa. Idan bai wuce awa biyu ba likita zai ba shi maganin amai, kuma ko an ɗan haura haka yakan gwada, domin inabi yana daɗewa a ciki. Daga nan sai garin gawayi na asibiti, sai ƙarin ruwa ta jijiya na awa 48, ana auna jini kullum har kwana uku a ga yadda ƙoda take. Alamar farko amai ce, yawanci cikin awa 6 zuwa 12, wani lokaci da ɓawon inabin a ciki. Sai zawo, kasala, ƙin abinci, yawan ƙishirwa. Idan fitsari ya ragu ko ya tsaya, ƙodar ta riga ta taɓu, kuma daga nan wuya ake sha kafin a ceto shi. Don haka ba a zaman jiran alama. Ki riƙe lokacin da ya ci da yawan da ya ci, shi ne abin da za a fara tambayarki. Wanda abin ya same shi a Kudan, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya fi masa kusa da dawowa Kaduna.

Zan je wurin 'yata a Kef Tawun, Afirka ta Kudu, a watan Fabrairu. Ta ce za mu zaga gonakin da ake yin giyar inabi a Stellenbosch da ƙaramin karenta. Akwai abin lura? (Mai karatu daga Narayi)

Akwai, Mama. Stellenbosch tana da nisan kusan kilomita 50 gabas da Kef Tawun, kuma tun 1971 aka tsara hanyar zaga gonakinta don baƙi. Kowace gona da dokarta: wasu sun yarda da kare a kan ciyawa da teburan waje muddin yana ɗaure, wasu sam. A buga waya kafin a tashi.

Fabrairu a can tsakiyar zafi ne kuma tsakiyar girbi, don haka duk abin da muka faɗa a sama yana nan, da ƙari uku. Na farko tukar inabi, wato ɓawo da ƙwallon da suka rage bayan matsa, wadda ake tarawa tsibi-tsibi don taki. Ƙamshinta yana jan kare. Na biyu giyar kanta, wadda barasar cikinta takan kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Ƙaramin kare ya lashi wadda ta zube ko ya sa baki a bokitin da masu ɗanɗano suke tofarwa, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya sai ki ga yana tangaɗi da amai, jikinsa ya yi sanyi, sukarin jininsa ya faɗi. Na uku ɗakin da ake tsima giyar. Tsimin yana fitar da iskar kabon mai nauyi wadda take kwanciya ƙasa, daidai tsayin hancin kare, don haka ko an ce ya shiga kada ya shiga. A kuma sa ido a farantin cuku, sau da yawa ana haɗa shi da zabibi da cakulan. Wasu gonakin suna sakin agwagi su cinye dodon-koɗi, kare ya bi su a guje ziyara ta ƙare ke nan.

Karena bai taɓa fita daga gida ba. Dole ne sai na yi masa allura kafin mu je ƙauye? (Mai karatu daga Kawo)

Dole ne, Malam. Allurar haukar kare ana fara ta yana wata uku, a sabunta duk shekara, kuma tana buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin ta kama jiki, don haka ta jajiberin tafiya ba ta da amfani. Ka haɗa da ta cutar zawon jini ta fabo, ka sa masa maganin kaska kwana biyu kafin ku tashi, ka riƙe katin allurar a mota. Idan karen ƙauye ya ciji naka, likitan dabbobi a ranar. Idan kuma mutum ne karen ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti.