Mun share filin unguwa, ga shi an ajiye mana kontena

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ne shugaban wata ƙungiyar matasa a Aboabo, nan Kumasi. Muna da fili a bayan makarantar allo, tun muna yara a nan muke ƙwallo, a nan ake suna da zaman makoki. A hankali ya koma bola. Mun yi wata uku muna gayya har muka kwashe sharar. Da ya yi kyau sai muka wayi gari da kontena a gefe guda, ana kuma raɗe-raɗin an sayar da wurin. Muna son dasa itatuwa da sa bencina. Ta ina za mu fara, kuma muna da hurumin hanawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka. Sai dai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: kun fara da tsintsiya, alhali da takarda ake farawa. Bola ba ta da mai so. Ranar da kuka kwashe ta, ranar filin ya yi kasuwa. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba lokacin da nake aikin tsara gari.

Kafin ku tona rami ko ɗaya, ku nemi sanin abin da taswirar unguwa ta ce game da wurin, wadda ma'aikata ke kira leyawut. Kada ka tafi KMA, wato Asambilen birnin Kumasi, a ɓata maka rana, domin tun 2012 aka cire Aboabo, Asawase da Sawaba aka haɗa su a Asambilen Asokore Mampong. Ka je ofishinsu na tsara gari, wanda har yau mutane ke ce wa Tawun Filanin, ka nemi a nuna maka taswirar. Ka tafi da wasiƙa mai sa hannun asambileman ɗinku, wato wakilin unguwarku a Asambile, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In aka yi ta maka "je ka dawo", akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2019, doka mai lamba 989, wadda ta ba jami'i kwana 14 ya amsa buƙatar da aka rubuta.

Abin da za ka gani ɗayan uku ne. Ko an shata wurin a matsayin filin jama'a, ko fuloti ne mai lamba da aka bari ba gini, ko kuma hanya ce ko gefen rafi da aka keɓe. Idan fuloti ne, to sai lallashi: mai shi ya ara muku, ku yi godiya, kada ku dasa abin da za ku yi kukan sarewa. Idan gefen rafin Aboabo ne, babu wanda ya isa ya yi gini a nan, har ku ɗin.

In kuwa filin jama'a ne, kuna da madogara. A Kumasi yawancin ƙasa ta kujerar sarauta ce, sarakunan Asante ke riƙe da ita amana, ga kuma sakatariyar filaye ta Asantehene, babban sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia. Wannan ne ke sa mutanenmu na zango su yi sanyi, su ce mu baƙi ne, mai ƙasa ya yi yadda ya ga dama. Ba haka doka ta ce ba. Mallakar ƙasa daban, ikon cewa me za a yi da ita daban. Sashe na 267 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana a ba da ƙasar sarauta ko a gina ta sai hukumar filaye ta yanki ta tabbatar abin ya dace da tsarin da aka amince wa wurin. Sannan dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, mai lamba 925, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1945 ta kuma kafa hukumar LUSPA mai kula da tsara amfani da ƙasa, ta ce sauya filin jama'a zuwa wani amfani sai da yardar majalisar dokoki ta ƙasa. Saboda haka wanda ya zo da takardar da wani ya yanka masa, ka tambaye shi cikin ladabi: ina izinin sauya amfani, ina kuma izinin gini?

Kada ka ɗauka doka na tsare kanta. Wannan garin da ake wa kirari da birnin lambu, tun tsarin da Turawa masu zanen gini Maxwell Fry da Jane Drew suka zana masa a 1945, ina lambunan? Je ka dubi filin wasan yara na Amakom ka ga yadda sakaci ya cinye shi. Rattray Park da aka buɗe a Nhyiaeso a 2015 ya yi kyau, amma yaron Aboabo sai ya biya kuɗin mota da na ƙofa kafin ya taka ciyawa. Shi ya sa ƙaramin filinku ya fi muku shi amfani. Kuma a sanina fili ba ya tafiya rana ɗaya. Yau tebur, gobe kiyos, jibi an zuba siminti a ƙarƙashin kontena, baɗi sai ka ga bulo.

Da zarar kun tabbatar da matsayin wurin, ku nemi Asambile ta ba ku takardar yarjejeniyar kulawa. Shafi ɗaya ya isa: ƙungiya kaza za ta share, ta dasa, ta shayar, filin na jama'a ne, ba za a yi gini ba, Asambile za ta riƙa kwashe shara. Ku kai wa sarkin unguwarku da liman su sa albarka, su kuma raka ku gaida sarkin da ke riƙe da ƙasar. Wannan gaisuwa kada ku raina ta. Takardar tana kare filin daga mutanen waje, tana kuma kare shi daga ku, domin ba ƙarya ba ne, akwai ƙungiyar da ta fara da gayya ta ƙare da karɓar kuɗin fakin. Kada ku sa ƙofa da kwaɗo. Ku rubuta duk sidin da ya shigo, a karanta a gaban jama'a.

Batun dashe, ku jira damina ta zauna, wajen Afrilu zuwa Yuni. Dasawa ba ta da wuya. A ranar dashen itatuwa ta ƙasa da aka fara a Yunin 2021 an raba miliyoyin tsirrai, amma tambayar ita ce wa ya shayar da su a Janairu, lokacin hunturu. Itace goma da kowanne ke da mai shi sun fi ɗari marasa uba. Ku ba kowane bes na masu shan ataya biyu, makarantar allo biyu, mata masu sayar da koko da wake da shinkafa ɗaya ɗaya. Dogon yaro da madaci suna jure wuya, mangwaro kuwa ku shirya wa jifan yara. Ku jera su a kan iyaka, su zama shaida, tsakiya ta zauna fili saboda ƙwallo da rumfar biki. Kowanne a kewaye shi, in ba haka ba tumakin layya za su gama da shi kafin Sallah. Bencina na siminti, ba na ƙarfe ba, ka san dalili.

Ku kuma sa mata cikin kwamitin. Filin da maza kaɗai ke amfani da shi, maza kaɗai za su fito ranar da aka zo kafa turaku, su ma rabinsu suna wurin aiki.

Kontenar nan kuma kada wanda ya taɓa ta, ko da wasa. In kuka ture ta, maganar ta tashi daga fili ta koma ofishin 'yan sanda, ku ne kuma masu laifi. Ku ɗauki hotonta da kwanan wata, ku auna inda ta tsaya, ku rubuta wa shugaban Asambile, wanda shi ne ke jagorantar kwamitin tsara ƙasa, da kwafi ga asambileman da kwamitin unguwa. Ku nemi dattijo ya je ya ji ta bakin mai ita, don wataƙila shi ma wani ne ya karɓi kuɗinsa. Ku yi wannan cikin makon nan, tun ba a zuba siminti ba.