Garin da ake cuɗa irin waken suya da shi: zai ɗauke mini kuɗin taki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Mile 12, nan Legas, kuma kowace damina nakan aika wa ƙanena kuɗin taki ya noma mini waken suya a gida, a ƙasar Lere ta jihar Kaduna. Na ji ana zancen wani baƙin gari da ake cuɗa iri da shi, wai ba sai an sayi taki ba. Shin gaskiya ne, kuma zan iya ba direba ya kai masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar tana da tushe, sai dai yuriya kaɗai garin zai ɗauke maka.

Abin da ke cikinsa ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, da ake kira raizobiyam. A ɗakin bincike ake rainonsu cikin ruwa, sannan a zuba su a garin ruɓaɓɓen tsiro, a liƙe a leda. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana yin nata mai suna NoduMax domin waken suya. Idan iri ya tsiro, ƙwayoyin sukan shiga saiwa su yi ƙananan ƙullutai, inda suke juya naitirojin na iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ya zama abincin shuka irin wanda takin yuriya ke bayarwa. Da wannan dabara manoman Brazil suke noma waken suya kusan ba yuriya. Amma ƙwayoyin ba sa samar da fosfaras, don haka kada ka janye kuɗin takin supa mai ɗauke da fosfaras ɗin, domin in ƙasa ta rasa shi, ƙullutan ba za su yi ƙwari ba.

Batun direba shi ya fi damuna. Garin abu ne mai rai, zafi yana kashe shi, kuma ledar da ta yini tana gasuwa a bayan tirela daga Legas zuwa Arewa tana iya isa ba amfani. Gara ƙanenka ya nema wurin amintaccen dillali kusa da shi, ya duba ranar ƙarewar wa'adinta, ya ajiye a wuri mai sanyi.

Ranar shuka, ya jiƙa irin kaɗan da ruwan ƙaro, ya barbaɗa garin gwargwadon umarnin da ke jikin leda, ya cuɗa, ya shanya a inuwa, ya shuka a ranar cikin ƙasa mai laima. Idan waken ya kusa fure, ya tono 'yan tushe a hankali ya fasa ƙullutan: in cikinsu ja-ja ne, suna aiki; in fari ne ko kore, ba sa ciyar da shukar.