Gwaggo, In Bar Gero a Gona In Tafi Legas?

Assalamu alaikum Gwaggo, barka da ƙoƙari.

Ni magidanci ne ɗan shekara 32, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ina da difloma, amma abin da nake ci da shi koyarwa ce a wata makarantar kuɗi, naira dubu 35 a wata, sai noma, sai ɗan acaɓa da yamma. Matata ɗaya, yaranmu biyu, kuma tana da ciki wata biyar. Ni ne babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu, Inna tana hannuna, ga ta da hawan jini.

Wani abokina da ke Legas ya haɗa ni da wani mutum, ya ce akwai gurbin mai kula da sito a wata masana'anta wajen Ikorodu, albashi dubu 180. Sau biyu muna magana ta waya. Ya ce in tura dubu 60 kuɗin fom da kayan aiki, in kuma iso cikin mako biyu, in ba haka ba a ba wani. Ga shi muna tsakiyar Agusta, gero ya fitar da kai, riɗi yana fure. Ina tunanin in sayar da babur, in jinginar da fadamarmu ta gado, in haɗa kuɗin mota da na ɗaki. Maiɗakina ta ce ƙafata ƙafarta. Inna ta ce "je ka, Allah ya yi albarka", amma ƙanwata ta same ta a ɗaki tana share hawaye. Barci ya ƙaurace mini, Gwaggo. In tafi ko in haƙura?

Ɗanki, daga ƙasar Ringim.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya ba Inna sauƙi.

Bari in fara da dubu 60 ɗin nan, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Kada ka tura. A halin yanzu ba aiki ne a hannunka ba, murya ce a waya, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Masana'antar da ke neman wanda zai riƙe mata makullin sito ba ta sayar masa da fom. In akwai riga da takalmin aiki, ita ke bayarwa. Gaggawar "mako biyu ko a ba wani" ita ma tsohuwar dabara ce ta hana mutum tsayawa ya yi bincike. Ban ce lallai mutumin macuci ne ba, amma abin da zai wanke shi ba shi da wuya. Ka ce ya turo takardar kama aiki mai ɗauke da sunan kamfanin, adireshinsa da lambar rajistarsa. Ka shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta waya ka duba ko sunan da lambar sun dace, ba a biyan ko sisi. Sannan abokinka ya taka da ƙafarsa har ƙofar masana'antar, ya nemi ofishin ɗaukar ma'aikata, ya tambaya ko sunanka yana wajensu. In mutumin ya soma kame-kame, to Allah ya rufa maka asiri, ka ci gaba da ciran gonarka.

In takarda ta zo, ka karanta ta kamar mai sayen gona. Wa zai riƙa biyanka, masana'antar da kanta ko wani kamfanin 'yan kwangila da ke kawo mata ma'aikata? Da yawa a can haka ake yi, kuma ma'aikacin ɗan kwangila sallamarsa ba ta da wuya. Wata nawa ne lokacin gwaji? Akwai aikin dare? Ana ba da abincin rana, motar ma'aikata, ko asibiti? Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce wanda bai cika wata 3 a bakin aiki ba, sanarwar kwana 1 ta isa a sallame shi. Daga wata 3 zuwa shekara 2, mako 1. Hutun shekara kuwa mafi ƙaranci kwana 6 na aiki ne, shi ma sai ka cika wata 12. Ka riƙe wannan a ranka, domin haihuwar maiɗakinka za ta faɗo wajen Disamba, kana sabo, kuma mai yiwuwa a waya za ka ji kukan jaririn.

Yanzu zo mu zauna mu yi lissafi, don nan ne amsar tambayarka take. Dubu 180 a kunne ta fi dubu 35 ninki biyar, shi ya sa barci ya gudu. Amma ba ita za ta faɗo asusunka ba. Za a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, wato kamar 14,400 in an lissafa a kan dukan albashin, kamfani kuma ya ɗora nasa kashi 10. Sai haraji: a tsarin da ya soma aiki a Janairun 2026, dubu 800 na farko a shekara ba a taɓa su, abin da ya hau kai a ɗauki kashi 15, wanda a wajenka zai kama kusan dubu 15 a wata. Ka ga mun dawo dubu 150 da 'yar ɗoriya.

Mu ƙaddara ka kama ɗaki na dubu 300 a shekara, dubu 25 ke nan a wata. Mu ce kana cin na dubu 2 a rana wajen mai abinci, dubu 60. Mota zuwa da dawowa dubu 1 a kwana 26, dubu 26. Ruwa, wuta, katin waya da sabulu, sa dubu 10. Jimla dubu 121. Saura nawa? Wajen dubu 30. Wato ka bar uwa, ka bar mace da ciki, ka bar gona da babur, ka yi tafiyar kusan kilomita dubu, don ka riƙa aiko abin da bai kai albashinka na yanzu ba. Haka mutane da yawa suke shekara a kudu, a gida ana cewa sun manta da iyaye, alhali su ma da ƙyar suke kai ƙarshen wata.

Juya lissafin kuma. Ku biyu a ɗaki, dubu 12 da ɗari biyar. Ɗakin yana kusa da wajen aiki, kana takawa da ƙafa. Ka tafi da garin tuwo, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji daga gida, kuna girki da kanku, abinci ya sauko dubu 45. Yanzu abin da zai ragu ya haura dubu 80. Aiki ɗaya, albashi ɗaya, amma na farko wahala ce, na biyu neman arziki. Waɗannan alƙaluma misali ne na buga maka. Na gaskiyar suna bakin abokinka. Kada ka tambaye shi "ya rayuwa a can", don zai ce alhamdulillahi. Ka ce ya faɗa maka abin da ya kashe jiya tun daga koko har kwanciya, da abin da ya biya ranar da ya karɓi makullin ɗakinsa. Ka rubuta. In abin da zai ragu bai ninka duk abin da kake samu yanzu ba, har da na acaɓa da abin da gona za ta rasa saboda ba ka nan, tafiyar ba ta biya ba.

Maganar ɗaki tana da nata tarko. A Legas kuɗin shekara ake biya a dunƙule, a ɗora kashi 10 na dillali, wani kashi 10 na takardar yarjejeniya, sannan kuɗin ajiya na ko za ka ɓata wani abu. Ɗakin dubu 300 sai ya tasam ma dubu 400 kafin ka shimfiɗa tabarma. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a karɓi fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, don haka wanda ya ce sai na shekara biyu ka wuce shi. Shawarata ma, kada ka kama ɗaki sai ka ga albashi biyu sun shigo. Ka raɓa wajen abokinka kana ba da naka kason. 'Yan uwanmu suna da yawa a Mile 12, wadda ke kan hanyar Ikorodu, da Agege da Idi Araba, kuma kowane zango yana da shugabanninsa. Ka je ka gaishe su, su san da zamanka. Ranar da za ka duba ɗaki, ka kalli gindin bango: in ka ga layin danshi ya kai gwiwa, ruwa yana shiga gidan, komai daɗin bakin dillali.

Babur da fadama kuwa, ɗana, ka cire hannunka daga kansu. Su ne hanyarka ta dawowa. Kada ka ce in aiki ya ƙi za ka yi acaɓa a can: tun Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana shi a ƙananan hukumomi 6, a Satumba ta ƙara 4 har da Kosofe da Mushin, kuma babur ɗin da aka kama ba ya dawowa. Naka ka ba wani yaro mai amana yana kawo balas, ku yi ƙa'idar wa ke canjin baƙin mai, wa ke sayen taya, kuɗin kuma ya riƙa shiga hannun maiɗakinka don cefane. Fadama ta gado ce, ba taka kai kaɗai ba, sai da yardar ƙannenka. Jingina tana da daɗin karɓa, amma mai kuɗi zai ci gaba da nomanta har ranar da ka mayar masa da kuɗinsa a dunƙule, kuma mai albashi da wuya ya tara dunƙulallen kuɗi. Shekara biyar, goma, sai 'ya'yansa su taso suna ce mata gonar babanmu. In dole ne, ka ba da hayar rani ɗaya tak, a rubuce, gaban mai unguwa da shaidu biyu, a faɗi iyakoki, ranar fita, da wanda zai ci amfanin itatuwan ciki.

To da me za ka tafi? Da amfanin gonarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. In aikin na gaskiya ne, ka roƙi a ɗaga maka zuwa ƙarshen Satumba, lokacin gero ya shigo, riɗi ya kusa yanka. In sun ƙi, ka ware kuɗin 'yan ƙwadago ka damƙa wa wanda zai tsaya, don riɗi ba ya jiran kowa, in ya wuce lokaci a tsaye sai ya fashe ya zube. Kuɗin riɗin shi ne guzurinka: kuɗin mota, abincin mako shida, tunda albashin farko sai ƙarshen wata kuma yakan yi jinkiri, da kuɗin motar dawowa, wanda za ka ɓoye ka manta da shi. Geron kuma na gida ne. In gidanka yana cin tiya ɗaya a rana, buhu mai tiya 40 kwana 40 zai yi, wata shida sai buhu biyar. Ka auna da idonka ka ajiye kafin ka sayar da ko ƙwaya.

Maiɗakinka ta yi haƙuri, ba yanzu ba. Mace mai ciki da yara biyu a ɗakin aro, garin da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, ga wankan jego a gaba, wannan ba gata ba ne. Amma kada ka ce mata "zauna" kawai ka juya. Ka buɗe mata asusu da sunanta, ko ta riƙa karɓa wajen mai POS da kanta. Kason Inna daban, nata daban, kowacce ta san nata da ranar zuwansa. Yawancin rigimar uwar miji da matar ɗa a gidan matafiyi daga kuɗin da aka aiko a dunƙule ta hannun mutum ɗaya take tashi. Ka tsara wanda zai riƙa kai ta awo, ka ajiye lambar mai motar da za a iya tasa da tsakar dare, kuɗin haihuwa yana gefe ba a taɓa shi. Ka sayi ɗan rago tun yanzu a ɗaure a gida, kafin suna ya yi ƙiba. Kuma ka yanka mata wa'adin ganinka. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar da ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin mijinta, ya kuma sa wa mayaƙa wa'adin 'yan watanni su dawo gida. In an yi wa mai jihadi haka, ina ga mai neman albashi.

Hawayen Inna ba hani ba ne, uwa ce. Sai dai mai hawan jini ba a barinta da addu'a kaɗai. Ka saya mata maganin wata uku, ka sa ƙanwarka ta riƙa lura tana sha kullum ko da ta ce ta ji sauƙi, don nan ne ake yin kuskure, a kuma riƙa kai ta awon jini. Ka zauna da ita ku biyu, ka ce mata cin rani za ka, kamar yadda iyayenmu suka saba, ba ƙaura ba.

Abu ɗaya game da aikin kansa, tunda sito ne. Ranar farko kada ka karɓi makulli sai an ƙirga kaya a gabanka, katan bayan katan, an rubuta, kai da mai miƙa maka kun sa hannu, ka ɗauki hoton takardar. Giɓin da wani ya bari, in ba a yi haka ba, a albashinka za a cire shi. Komai ƙanƙantar abu, kada ya fita sai da takarda, ko da manaja ne ya aiko da baki. Za su nemi mai tsaya maka. Ka gaya wa wanda zai sa hannu gaskiyar abin da yake ɗauka. Ka tafi da katin NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma da kwafin takardun makaranta, na ainihin kuma kada ka bar su a hannun kowa.

In takarda ta tabbata, lissafi kuma ya fita, ka yi istihara ka tafi, kai kaɗai, na wata shida. Makarantar da kake koyarwa ka yi musu sallama ta mutunci kafin a dawo daga hutu, ka ma taya su neman wanda zai riƙe ajin. Wajen Maris ka buɗe littafinka ka ga nawa ka aika gida, nawa ka ajiye, an tabbatar da kai a aikin ko har yanzu gwaji ake. In ya yi kyau, sai a fara maganar ɗaki da ɗauko iyali. In bai yi ba, ka hau mota da kuɗin nan da ka ɓoye, ka iso kafin a gama sharar gona.

Gwaggonku.