Amsar wasiƙarki game da kunyar ɗan fari

'Yata, wasiƙarki ta iso ni Maraɗi lafiya, kuma na yi dariya da na karanta ta, sa'an nan na koma na yi shiru. Kin tambaye ni ko dole ne ki yi kunyar ɗan fari yadda iyayenmu suka yi, tunda a jami'a an koya muku cewa jinjirin da uwa ba ta ja a jiki ba yana tashi da rauni a zuciya. Kin ambaci Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, wanda a 1950 ya kasa rayuwar mutum mataki takwas, na farkonsu shi ne jinjiri ya koyi amincewa da duniya ko ya tashi yana ɗari-ɗari da ita. Ni ma na sha waɗannan darussa kafin in fara koyarwa a lakwal, sai dai a zamaninmu Piyaje aka fi yi mana, mutumin Suwizalan da ya nuna cewa yaron da bai kai kimanin shekara bakwai ba, idan aka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri, cewa zai yi ruwan ya ƙaru. Ban yi mamakin bakwai ɗin nan ba, domin a wannan shekarar ce hadisi ya ce a umurci yaro da salla, kuma wajen nan ne ake yi mana shayi da hunturu.

Ni kaina ɗan fari ne, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "yaron nan" kawai take cewa. Ina da shekara bakwai ko takwas, wata damina da gulbi ya kawo ruwa, muka tafi bakinsa da yaran unguwa, na hau kanya, reshe ya karye da ni, hannuna na hagu ya karye. Aka ɗauko ni a kafaɗa ina ihu, aka kira maɗori. Kakata ce ta rungume ni, kishiyar mahaifiyata ta danne ƙafafuna, maɗori ya ja hannun ya jera karare ya ɗaure. Duk tsawon lokacin nan ina jin ƙarar taɓarya daga bayan dangar kara, mahaifiyata tana daka, ba ta tsaya ba, ba ta leƙo ba. A ranar na yanke a raina cewa matar nan ba ta ƙaunata, kuma na riƙe wannan hukunci har na yi gemu. Sai da na haura arba'in, ranar sadakar ukunta, kishiyar tata ta gaya mini cewa geron da ke turmin nan ya daɗe da zama gari, dakan banza take yi domin kada a ji kukanta, kuma duk kunun da kakata ta riƙa ba ni a wancan wata ita ce take tashi tun asuba ta dama. Na tuna dogon kofin Piyaje a lokacin, domin ni ma tsayin ruwan na duba ina yaro. Kakata takan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma Alƙur'ani da kansa ya ambaci arba'in a matsayin shekarun cikar ƙarfi da hankali.

Sai dai kada ki ɗauka kare al'adar nake yi ido rufe, domin shekara talatin na yi da ƙulli a zuciya, kuma ba zan so wa jikana haka ba. Abin lura shi ne Bolbi, likitan Ingila da kika ambata, a rahotonsa na 1951 yaran da aka raba da iyayensu aka tara a gidajen marayu ya fi dubawa, yaran da ba su da wani tsayayyen mai ɗaukarsu. Mu kuwa a gidanmu hannu goma ne a kaina, uwa ta yi goyo ta shayar shekara biyu, ranar yaye kaka ta karɓa, shi ya sa dattawanmu suke cewa ɗa na kowa ne. Kunyar tana zaune ne a kan wannan taron jama'a. Ku kuwa yanzu kun shige gidan haya a Yamai, daga ke sai mijinki sai waya a hannu, ko sunan maƙwabciyarki ba ki sani ba. Idan kika kau da kai daga yaron a irin wannan gida, wace kaka ce za ta rungume shi?

An ce mini sunan surukinki aka sa masa, ke nan ko da babu kunyar ɗan fari bakinki ba zai kama sunan ba, sai dai ki ce Abba. Ki kawo mini shi da Babbar Salla in ga ko ya ɗauko goshin gidanmu, sauran maganar kuma mu ƙarasa ta a zaure tare da gwaggonki, wadda ta ce ra'ayinta ya saɓa da nawa.