Man kwakwata ya daskare: shin ya lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kwalbar man kwakwa domin girki da gyaran gashi, amma da hunturu ya shigo sai ya daskare, ya yi fari fat. Shin ya lalace ne? Kuma ya dace in riƙa ɗiba daga kwalba ɗaya don tukunya da kuma kaina? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, manki lafiya lau yake. Ɗabi'ar man kwakwa ce ya daskare idan sanyi ya kai ƙasa da kimanin digiri 24, saboda fiye da kashi 80 cikin ɗari na kitsen da ke cikinsa mai daskarewa ne. Wanda ya kwana a firji bai daskare ba shi ne abin zargi, domin sau da yawa an gauraya shi da wani mai. Idan kina bukatarsa a narke, ki tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi.

Abin da ke ɓata shi shi ne danshi da rana, kuma a nan ne tambayarki ta biyu take da muhimmanci. Yatsan da ya taɓa jiƙaƙƙen gashi ya koma cikin kwalba ya kai ruwa da datti, shi ya sa muke ba ki shawarar ki raba shi biyu tun ranar da kika saya, na kicin daban, na kai daban, kuma ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Idan aka rufe shi da kyau nesa da murhu da taga, mai kyau yakan kai shekara biyu, amma wanda aka haɗa a gida ba ya jimawa haka, sai an dafa shi har ruwan ya ƙone sarai. Wari mai tsami ko ɗigon baƙi a samansa alama ce ta a zubar.

Wajen girki, wanda ba a tace ba yana fara hayaƙi a wajen digiri 175, don haka bai dace da tuyar ƙosai ba. Ki kuma taƙaita shi, domin a 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana ƙara kitse marar kyau a jini.

A gashi kuwa ya fi yin amfani idan aka shafa kaɗan bayan tsifa, kafin wanki, saboda yana shiga cikin silin gashi ya rage karyewa. Idan kina fama da amosani, ki tsaya a kan gashin kawai, kada ki cika wa fatar kai.