Amsar Kawu kan lissafin Abba da zanen akwatuna

Assalamu alaikum jama'ar gida. Maman Abba na saurari muryarki tun da safe, kin ce malamin su Abba ya hana su haddar taims tebul, sai zane-zanen akwatuna da ɗige-ɗige, wai ki cire shi ki canza masa makaranta ko ki bari. To ni abin da na ji a maganarki ba makaranta ba ce damuwarki, damuwarki yaro yana aji huɗu kin tambaye shi bakwai sau takwas ya kama ƙirga yatsu har da na ƙafa. Wannan kuma kina da gaskiya, dole hankalinki ya tashi.

Ki sani wannan rigimar ta girme ki. Turawa ne suka faro ta a Amurka bayan Rasha ta harba tauraron ɗan'adam ɗinta Sputnik a 1957, suka tsorata an wuce su, suka fito da sabon lissafi, su set (tarin abubuwa) da base two (ƙirga da 0 da 1 kawai) da sauransu. Aka kawo mana shi Afirka ta shirin Entebbe na Yuganda wajen 1962, mu nan aka kira shi Modan Mas. Ya aka ƙare? A 1977 gwamnatin soja ta soke shi, lokacin Kanar Ahmadu Ali na kwamishinan ilimi na tarayya. Ga UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, an buɗe a 1976 yara sun cika aji maƙil, ga malamin da aka ba littafin shi kansa ba a koya masa ba. Su ma can Amurkan sun sake kwasar wata rigimar bayan 1989, musamman a Kalifoniya, iyaye na kuka irin naki sak.

Ni dai shekara talatin da ɗoriya na yi alli na cin hannuna, kuma wallahi har gobe ina kan bakana, yaro sai ya haddace. Biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, da waƙa, kullum da safe minti goma. Yaron da sai ya zana akwati 56 kafin ya san bakwai sau takwas, yaushe zai gama takardar WAEC? Ranar da ya haɗu da firakshan da aljabra kansa ya riga ya gaji tun a ƙananan abubuwa. Akwai wata bita da aka kai mu, kwana uku, aka raba mana kwali da maka, wai daga yau malami ba ya faɗa, yaro ne zai gano da kansa, a zaunar da su rukuni-rukuni. Na ɗaga hannu na ce ranka ya daɗe ajina yara 90 ne da wani abu, rabi a ƙasa suke zaune, ina zan yi rukunin? Mai ba da bitar ya ce in yi amfani da basira. Bayan wata biyu wani sufeto ya zo ya tarar muna rera tebul, ya rubuta min a littafi wai ina koyarwar tsohon yayi, a gaban hedimasta fa, har yau abin na min ciwo, don ko yaro ɗaya bai tsaya ya gwada ba...

A'a tsaya, kar ki ɗauka na ce tsohon ba shi da laifi, yana da shi babba. Akwai wata yarinya a ajina mai tallar awara wajen Tudun Wada, ki ba ta dubu ɗaya ki sayi na 650, kafin ki rufe baki ta miƙo miki 350. Na tambaye ta ya kike yi, ta ce Malam hamsin ta cika ɗari bakwai, sai ɗari uku. Na rubuta 1000 a ɗebe 650 a allo, wallahi yarinyar nan ta rubuta 1650. Ta ga sifili a sama ba ta san inda za ta yi aro ba, sai ta riƙa sauko da lambobin kawai. Mu muka yi mata haka, mun ce "boro wan" da Turanci da bulala, ba wanda ya taɓa ce mata canjin nan da take bayarwa shi ne wannan. Ranar na sa aka tsinto murafun kwalba da karan dawa muka ɗaure goma-goma, ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta, ta ɗago ta ce au, dama aron kenan? Kin ga akwatunan malamin Abba suna da amfani, Singafo ma haka suke, abu a hannu, sai zane, sai lamba, amma fa ba sa tsayawa a zanen.

Don haka kar ki cire shi tukuna. Ki je ki samu malamin cikin mutunci ki tambaye shi yaushe za su bar zane su koma lamba, in ya ba ki amsa mai ma'ana to alhamdulillah, in ya kama kame-kame sai mu sake shawara. A gida kuma bayan magariba ki zauna da shi, ki fara da tebul na biyu da na biyar da na goma, ban da bulala, na bakwai da na takwas a bar su ƙarshe. Ranar Asabar in za ku shigo cikin birni ki taho min da shi da littafin aikinsa, ina so in ga yadda yake ɗebewa in akwai sifili a sama.